Gurbin Rijiyoyi

Tun da aka kafa dokar cewa abin da bai fito a allon gari ba, ba za a sake waiwayarsa ba, Malam Jatau bai taɓa fashin zuwa sakatariya ranar Litinin ba. A can na'ura ke zana abin da gwamnati ta kashe, kowane fanni da sandarsa, tsawonta gwargwadon kuɗin da aka kashe masa.

Shekara talatin ya yi yana wannan zanen da alli da rula. A zamaninsa, in ko sisi ba a ba fanni ba, sai ya rubuta sunansa ya bar gurbin fayau, don mai wucewa ya gani ya yi tsaki.

Yau sau uku yana bin allon da yatsa.

"'Yata," ya ce wa Ladidi mai kula da allon, "ina rijiyoyi? Ta unguwarmu ta rufta."

"Baba, na'ura ta zuba ƙananan fannoni cikin Sauransu, wai don zanen ya yi kyau."

Ya dubi sandar Sauransu. Ta kere ta asibiti.

Ya laluba aljihu ya zaro guntun alli, ya rubuta "Rijiyoyi" a bangon da ke gefen allon, ya bar samansa fayau.

Wata mata ɗauke da tulu ta tsaya, ta duba, ta ja dogon tsaki.