Gwangwanin Shuɗɗan Duwatsu

Gonar cittarmu tana gindin wani baƙin dutse a bayan Kafanchan. Malaminmu ya ce wuta ce ƙasa ta amayar tun zamanin da, ta sandare. Duk bayan ruwan sama, wasu 'yan shuɗɗan duwatsu sukan fito tsakanin kunyoyi. Baba yakan tara mana su a gwangwanin madara, mu riƙa harbin tsuntsaye da danƙo.

Wata Lahadi, mun taso daga coci ke nan, sai ga wani baƙo a kan babur. Ya ga gwangwanin a dakali, ya ɗauki ƙwaya ɗaya ya ɗaga saitin rana.

Ya ce, "Baba, me kuke yi da waɗannan?"

Baba ya yi dariya. "Na yara ne. Kana so? Kwashe duka. Dutse ai ba ya shiga tukunya."

Baƙon ya miƙo mini biskit, ya ba Mama sandar sabulu. Baba har gona ya raka shi, ya nuna masa inda suka fi fitowa.

Sai da na girma na ji sunansu safaya, duwatsun ado masu tsadar gaske. Yau gonar ramukan masu haƙa ce zalla, cike da koren ruwa, ko ciyawar kirki babu. Dutsen ya shiga tukunya kam, sai dai ba tamu ba. Abin da ke ci mini rai shi ne, ranar nan mu ne muka ce masa mun gode.