Kwaɗon Bakin Ƙofa

Ranar da ma'aikatan masana'antar kwaɗo suka janye yajin aiki suka dawo, sai suka tarar an garƙame masana'antar da kwaɗo.

"Da ku kuka ƙi shiga," in ji manaja daga ciki. "Yanzu mu muka hana."

Dattijon da ya ƙarar da ƙuruciyarsa yana ƙera kwaɗo a nan ya matso. Ƙarfen banza da ake ba su ne ya jawo yajin, manaja kuwa yana ta rantsuwa kayansu ba su da na biyu.

Ya juya kwaɗon yana neman tambarinsu. Bai gan shi ba.

"Ranka ya daɗe, ashe da ka tashi kulle dukiyarka, na wani kamfani ka sayo?"