Kwalbar da ke Motar Asibiti

A makonta na biyu a ƙaramin asibitin, sabuwar Manaja ta buɗe aljihun gaban motar ɗaukar marasa lafiya tana neman takardu, sai ga wata 'yar kwalbar magani ta gangaro kan cinyarta. An kankare sunan mai ita da farce, amma sunan maganin yana nan. Ta kai wa mai ba da magani, ya ce na masu son barin giya ne, ya yi maza ya juya mata baya kamar an kira shi.

Manaja ba muguwa ba ce, sai dai idan abu ya shiga ranta ba ta iya barci sai ta ga ƙarshensa. Ta mai da kwalbar inda ta same ta, ta fara sa wa Baba Direba ido, kuma duk inda ta duba sai ta ga abin da take nema. Idanunsa kullum jajir. Turare kuwa wanka yake yi da shi, ita ko ta san ba a banza mutum yake rufe wari ba. In zai mai da Likita gida bayan an tashi, ba ya bin titin bayan kasuwa inda gidajen giya suke jere, sai ya yi dogon zagaye. Sannan kowace safiya ƙarfe takwas zai shiga ofishin Likita da kwalbar a aljihu, a rufe ƙofa na minti biyu.

Ta kira shi ta tambaye shi ko kwalbar tasa ce.

"A hannuna take, ranki ya daɗe," ya ce.

Ta juya tambayar ta kowace fuska, bai ƙara ko kalma ɗaya ba. Sai ta gaya masa ba za ta bar mashayi ya tuƙa mata masu naƙuda ba, ranar Juma'a ya kawo makulli. Shekara ashirin da biyu ke nan yana tuƙa motar, da ita yake riƙe da 'ya'ya mata biyar. Ya sunkuyar da kai ya fita. Har ga Allah ta ji tausayinsa, amma ta riga ta yanke.

Ranar Alhamis ta je gaya wa Likita, ta tarar ranar ganin masu fama da giya ce. Ta zauna a bencin baya tana rubuta takardar sallama, kunne ɗaya wajensa. Yana yi musu bayani cewa abin ba lalacewar hali kaɗai ba ne. Giya tana sa ƙwaƙwalwa ta saki sinadarin jin daɗi, a hankali ƙwaƙwalwar ta saba, har ta kai wari kawai, ko ƙarar buɗe murfi, ko ganin titin da aka saba bi, ya isa ya tayar da sha'awar. Ya ce tana farawa ne daga maƙogwaro, ta sauka tafin hannu, ta yi ta hawa, in aka daure ɗan lokaci kuma ta sauka da kanta. Wani mahauci ya ce wallahi Likita kamar a cikinsa yake kwana, aka kwashe da dariya.

Ya ce akwai maganin da ke dushe daɗin giyar, akwai mai kwantar da ƙwaƙwalwa bayan an bari, akwai kuma na ukun, wanda shi mahaucin zai fara. Wannan in ka sha shi ka kurɓi giya, fuska za ta yi zafi, zuciya ta yi ta bugu, amai ya biyo baya, don haka har turare da ruwan goge hannu na roba sai an kiyaye, saboda akwai sinadarin giya a cikinsu. Ya miƙa wa matar mahaucin kwalbar, ya ce ita za ta riƙe, ta ba shi da hannunta, ta ga ya haɗiye. Matar ta ce ai yau ranarta ce, shekara goma sha biyar tana jiran a ba ta mulki. Manaja ma sai da ta murmusa, tana neman inda za ta sa hannu.

Da aka watse, Likita ya tsaya yana wanke hannu da sabulu, kamar kullum. Ma'aikatan jinya sun daɗe suna tsokanarsa da cewa shi kaɗai ya rage a asibitin da bai yarda da ruwan goge hannu ba. Manaja ta nuna masa takardar. Ya karanta har sau biyu, ya ce zai iya rantsuwa Baba Direba bai taɓa ɗanɗana giya ba. Ta ce ta san likitoci da rufa wa marasa lafiyarsu asiri, ita da idonta take aiki. Ya daɗe yana goge hannun da ya riga ya bushe.

"To, gobe ƙarfe takwas ki zo da idon naki," ya ce.

Ta zo tun takwas saura, takarda a hannu. Baba Direba ya yi sallama ya shigo, ya gan ta, ya yi turus a bakin ƙofa, ya juya zai koma. Likita ya ce ya shigo, ai ɗaukar nauyin da ba nasa ba ya isa haka. Tsohon ya ajiye makullin mota a kan tebur, ya zuba ruwa a kofi, ya zazzago ƙwaya ɗaya daga kwalbar a tafinsa. Manaja ta gyara zama ta zuba wa bakinsa ido, shi kuwa ya zagaya bayan tebur da kofin.

"Haɗiye, Likita," ya ce a hankali. "Yauwa. Ɗaga harshe in gani."