Maɓalli na Uku

Maɓalli na uku na teburin haɗa sauti ya zame ƙasa da kansa, alhali hannayen Hambali duka biyu suna kan gwiwoyinsa.

Ya ƙura masa ido, sannan ya kai yatsa ya mayar da shi inda yake. Yana ɗaga yatsan, maɓallin ya sake sulalewa a hankali.

Taron saukar Alƙur'ani ne na Islamiyyar Malam Ikrima a Gwaram, fili ya cika maƙil. Maza suna rumfar gabas, mata suna tasu bayan labule, kuma daga can 'yan matan da suka sauke suke karatu ɗaya bayan ɗaya. Namiji ba ya leƙa wannan rumfa, shi ya sa Hambali ya taho da matarsa Hapsatu daga Birnin Kudu, don ta riƙa miƙa wa yaran makirufo. Muryar wannan makirufon ce ke kan maɓalli na uku.

Da can wannan ba abin da zai tayar masa da hankali ba ne. Amma tun zazzaɓin da ya kwantar da shi da damina, kunnensa na dama ya mutu murus, na hagu kuma sai an matso kusa. Mai haɗa sauti kurma! Ranar da maganar ta fita, ko taron suna ba mai sake kiransa. Ko a gida bai faɗa ba. Allah ma ya taimake shi Hapsatu ta koma zama ta hagunsa, wai nan ta fi samun iskar taga.

Da ido yake aiki yanzu, yana bin launukan da ke nuna ƙarfin sauti: kore lafiya, ja a rage. Yau kuwa rana ta karkato ta ƙarƙashin rumfa ta haske fuskar kwamfutar, ba ya ganin ko ɗaya.

Duk laifin sabuwar manhajar nan ne. Shi da tsohuwarsa sun saba, ko da ido rufe zai sarrafa ta. Hapsatu ce ta tasa shi a gaba sai ya canza, ita da ba ta da aiki sai toshe kunne tana kallon waya, wai wannan ce ke tafiya da teburin nan mai maɓallai masu motsi. Munzali, tsohon abokin aikinsa da suka raba gari, shi ya ɗora masa ita, har yana cika baki cewa da waya ma ana juya ta daga nesa in an san lambar sirri.

Da waya! Hambali ya ɗaga kai. Ga Munzali a sahu na biyu, kai a sunkuye, babban yatsansa sai danna wani abu yake a cikin hannun riga. Kuma kowa ya san ya nemi aikin nan bai samu ba.

Gumi ya keto wa Hambali. Ashe kashe masa muryar yara ake yi a bainar jama'a, shi kuma ba shi da kunnen da zai san iyakar ɓarnar.

Aka kira ɗaliba ta ƙarshe, autar Malam Ikrima. Maɓallin ya fara sauka. Wannan karon Hambali ya cije leɓe, ya tura shi sama, ya danne da ƙarfi.

Bai ji komai ba. Gani ya yi. Wani dattijo a sahun gaba ya toshe kunnuwansa, yara suka zabura, teburin ya ɗauki rawa a ƙarƙashin tafinsa. Malam Ikrima ya waiwayo ya zuba masa ido. Lasifika na kuka ana tsakiyar karatun Alƙur'ani, kuma shi ya jawo.

Ya saki. Maɓallin ya faɗo ƙasa, na kusa da shi ya ɗan gyara zama, sannan na ukun ya sake hawa kaɗan kaɗan. Dattijon ya sauke hannu. Can sai ga kawuna suna kaɗawa, wani na share ƙwalla da bakin rawani. Hambali ya mayar da hannayensa kan gwiwa, bai ƙara taɓa komai ba har aka shafa fatiha.

Tsoro ne ya kama shi, wanda ya fi na farko. Ashe hannun da ke juya maɓallin nan gyara yake yi tun ɗazu. Wato Munzali ya san sirrinsa.

Ana watsewa ya tare shi a bakin rumfa. "Munzali, na gode da abin da ka yi da wayarka. Don Allah ka bar shi tsakaninmu."

Munzali ya dube shi sheƙeƙe, ya buɗe tafinsa. Ɗan carbin nan ne na dannawa.

"Wace waya, Malam Hambali?" Sai da ya maimaita Hambali ya tsinci maganar. "Tawa tana wurin caji tun safe."

Hambali ya koma teburinsa. Yana naɗe wayoyi labulen mata ya motsa, Hapsatu ta fito riƙe da makirufo. Ta zo ta damansa, ta tsaya, ta zagaya ta hagu kamar yadda take yi kullum tun damina.

"Baban Na'ima," ta ce daidai kunnensa, "gobe in na ja maɓalli ƙasa, ka bar min shi a ƙasa."

Ta zare abin sauraro daga ƙarƙashin hijabinta, ta ajiye wayarta a kan tebur, fuskar wayar na nuna maɓallansa reras, da shatin gumin yatsanta a kan na uku.