Munduwar Iya Tabawa

Tun da aka rufe gidajen horon yara, doka ta ce babban da ya tsaya wa yaro shi ake ɗaura wa munduwar tsaro a ƙafa. In yaron ya sake laifi munduwar ta yi ja, babban ake zuwa ɗauka.

Shekara uku Iya Tabawa mai ƙuli-ƙuli tana ɗauke da ta Lantana, yarinyar da ta yanke wayoyin famfon unguwa. Ba dangin iya, ba na baba. Ko bikin jikarta a Gusau Iya ba ta je ba, don munduwar ba ta barin gari.

Ranar cirewa ta ɗage zani sama da idon sawu, ta taka da ƙafa har ofishin sulhu, Lantana a gefenta, don kowa ya gani.

Ma'aikacin ya durƙusa yana kwancewa. "Iya, ko sau ɗaya ba ta yi ja ba?"

"Ta yi ruwan goro sau biyu. Buhun gyaɗa na ƙara wa Lantana ta ɓare."

A kan benci wata yarinya ta sunkuyar da kai. Sau uku ana cigiyar mai tsaya mata, shiru.

Iya ta fara miƙa ɗaya ƙafar, sai Lantana ta riga ta.

"Malam, kar ka mayar da ita akwati. Ranar Laraba na cika sha takwas."

Iya ta shafa farin tabon ƙafarta, ta gyara ɗankwali.

"Ka sassauta mata kaɗan," ta ce. "Da zafin rana tana cin fata."