Takarda a Juye

Fadar birnin Agra ta yi tsit lokacin da abokin babban mawaƙin Sarki ya kai baiti na ƙarshe: "Ku dubi gwanin waƙa, takardarsa ma a juye ya riƙe ta."

Shekara da shekaru mawaƙan nan biyu suna yi wa juna zambo a gaban Sarki don fada ta yi dariya, in an tashi kuma su ci shinkafa a kwano ɗaya. Da idanun babban mawaƙin suka fara mutuwa, abokin nan kaɗai ya faɗa wa. Shi ke jan hannun rigarsa a kan matakala kamar mai tsokana, shi ke miƙa masa takarda daidai kafin su shiga, shi kuma sai ya rera waƙarsa da ka. Yau ma shi ya miƙa masa.

"Malam, nuna mana layin farko da yatsa," in ji Sarki.

Ya ɗora yatsa. Dariya ta ɓarke.

"Ranka ya daɗe," in ji wani bafade, "ashe hasken fuskarka da yake ta yabo, a gari ya ji labari!"

Sarki bai yi dariya ba. "A karɓe rigar girman, a ba mai ido."

Ana tuɓe masa rigar girma, ya juya inda yake jin numfashin abokin. "Ɗan'uwa, me na yi maka? Ko kalma ɗaya ce, faɗa mini."

Ya kasa kunne. Bai ji komai ba sai ƙarar duwatsun lu'ulu'u suna bugun haƙora. Tukuicin Sarki ake ɗura wa abokin a baki bisa al'adar fada, shi kuwa sai ƙara wangame shi yake.