Faifan Bayan Randa

Da yatsa biyu Malam Lurwanu ya ɗaga faifan, kamar wanda ya tsinci mushen ɓera, ya juya shi a gaban aji.

Saura kwana uku mai duba makarantu ya iso daga Kano. A shekarar da aka fara karatun kyauta ne aka ƙara darasin sana'ar hannu a firamaren da yake koyarwa a Karaye, amma na gwaji. In baƙon ya ga abin kirki, darasi ya zauna. In bai gani ba a soke shi, shi kuma Malam a cilla shi wani ƙauye. Shi ya sa ya umarci kowane ɗalibi ya kawo aikin hannunsa.

Malam Lurwanu ya san aikinsa, sai dai ya fi kowa sanin cewa ya sani. A bangon aji ya rataye wani tsohon faifai mai ja da baƙi, saƙar mahaifiyarsa Inna Tasalla ta Beli, kullum da shi yake auna aikin yara. Bakinsa bai gajiya da cewa daga Rogo har Karaye babu hannu irin nata. Zuwa Belin ne dai damina biyu ke nan aiki bai bar shi ba, sai gaisuwa ta bakin direbobi.

Wanda ke hannunsa yanzu kuwa abin takaici ne. Ja ya faɗa inda baƙi ya kamata, zanen ya taso tiryan-tiryan ya ɓace a tsakiya. Bakinsa kaɗai ne aka naɗe tsaf. Lauratu ce ta miƙo shi, wata sabuwar ɗaliba da ke zaune wurin gwaggonta a nan Karaye, jiya yarinyar ta dawo daga ganin gida.

"Malam, an ce in..."

"An ce ki kunyata ni gaban baƙo? Ku dubi na bango, ku dubi wannan. Ko makaho ya fi haka!"

Aji ya kwashe da dariya. Malam ya wurga faifan bayan randa, ya ce kada ya sake jin bakinta. Yarinya ta sunkuyar da kai, hawaye na ɗiga a kan benci. Ransa ya ɗan sosu, amma ya ce a zuci gobe za ta manta.

Ranar Alhamis baƙo ya iso, wani dattijo mai ƙarancin magana, Malam Mijinyawa. Ya bi tabarmi da igiyoyi da mafitai yana gyaɗa kai, Malam Lurwanu na biye da shi yana zuba bayani. Ya daɗe gaban faifan bango. Har an kusa sallama ƙishi ya kai shi ga randa, ya sunkuya ɗaukar moɗa, ya ɗago da abin da aka ɓoye.

Kunya ta rufe Malam Lurwanu, ya ji kamar ƙasa ta tsage ya shige.

"Ranka ya daɗe, shirmen wata yarinya ce. Na riga na tsawata mata."

Dattijon ya rufe ido, ya bi saƙar da tafin hannu daga tsakiya har baki, sannan ya kifa faifan ya sake bi.

"Wannan ba hannun yaro ba ne. Babu zare ɗaya na kaba da ya saki. Launin ne kawai ya ruɗe. Wa ya kawo shi?"

Lauratu ta miƙe tsaye. Ta dubi malaminta, don shi ya hana ta magana.

"Faɗi mana," in ji Malam Lurwanu, murya ƙasa-ƙasa, idonsa na kan naɗin bakin faifan, wanda sai yanzu ya dube shi da kyau.

"Maƙwabciyarmu ce a Beli, Inna Tasalla. Ta ji za a yi maka baƙi, ta ce in kawo maka ka nuna musu. Ta ce ka yi haƙuri in launin bai daidaita ba, tun bara idonta ya tafi."